Shafin da Baffa Ya Yanke da Aska

Na Allah ne mu, kuma gare shi kowa zai koma. Baffa ya koma wata Laraba da hantsi, a ɗakinsa na zaure, tabarau a hanci, bayan ya sha kunu ya ce a rage masa na anjima. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ni 'yar ƙaninsa ce, amma a hannunsa na tashi tun ban san ciwon kaina ba, saboda haka idan na ce Baffa, uba nake nufi.

Na ga zaman makoki da yawa a garin nan na Daura, ban taɓa ganin irin nasa ba. Tabarmi har bakin masallaci, mutane sai shiga da fita. Sai dai kowa ya yi gaisuwa ya shafa addu'a, idonsa ba ya kan masu gida, yana kan ƙofar ɗakin zauren nan da aka garƙame da kwado. Cikin gida ma ba a bar mu mun yi kukanmu ba. Wata dattijuwa, matar wani malami da ya daɗe da rasuwa, ta zauna kusa da Inna, matar Baffa, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. To su akwatunan littattafan nan fa, wa aka bar wa makulli?" Wata kuma ta sunkuyo kunnena, wai ta ji an ce a ciki akwai littattafan da idan mutum ya karanta sai ya daina salla. Na ce, "Haba Gwaggo! Mutumin da ba a taɓa ta da sahun asuba babu shi ba?" Ta ce ita dai abin da ta ji ke nan.

Abin da ya jawo wannan kallon, a wurin jana'iza ya faru. Kafin a sallaci gawa, liman kan tambaya ko akwai mai bin mamaci wani abu, don kada a kai shi kabari da nauyin wani a wuya. Yawanci shiru ake yi, ko a ce an yafe. Ranar nan sai wani magidanci ya miƙe, mai furfura a gemu, ɗan marigayi Alƙali na can wajen Sandamu, shi ma limami ne a garinsu. Ya ce, "Ni ba kuɗi nake bin sa ba. Littafin mahaifina yana hannunsa. Ba a sayar masa ba, ba a ba shi ba, bai shiga rabon gado ba. Haƙƙin marayu ne."

Yaya, babban ɗan Baffa, shi ya ba ni labari. Ya ce ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya amsa cewa ya ɗauki nauyin, a sallaci gawa, bayan sadakar uku za a buɗe akwatuna a gaban shaidu. Aka binne Baffa da wannan maganar a kansa. Tun daga ranar ba gado ne a gabanmu ba, ba gida ba, ba gona ba. Abu ɗaya ne: shin tsohon nan ya kwanta da kayan marayu, ko kuwa an yi masa ƙazafi yana kan makara?

Sai na faɗi ko wane ne shi, don wanda bai san shi ba ya gane dalilin da ya sa zargin ya samu wurin zama.

Baffa malamin Larabci ne a makarantar firamare har ya yi ritaya. Ba shi da shanu, ba shi da mota, keke ɗaya ya hau har ya tsufa. Abin da ya tara littattafai ne, kuma ba irin waɗanda kowane malami ke tarawa ba. Na mantiki da falsafa yake nema, wato ilimin auna magana da bin diddigin dalili. A cikinsu ma sai tsohon bugun Masar mai rawayar takarda, kuma sai bugun farko. Na taɓa tambayarsa me ya sa, tunda ga sabo nan a kasuwa fari tas. Ya ce, "Ke 'yar nan, bugun farko cike yake da kurakurai. Malamin da ya mallake shi dole ya ɗauki alƙalami ya gyara a gefe, in ya fara gyara kuma sai ya zarce da gardama. Sabon bugu an share masa komai, ba wanda ya yi faɗa da shi."

Amma abin da ya fi ɗaukar ransa shi ne shafin farko, inda mai littafi kan rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Idan aka kawo masa littafi, nan yake fara buɗewa, kafin ma ya duba ko gara ta ci cikin. In babu suna, ko kyauta ne sai ya mayar. Yakan ce, "Ni ba takarda nake nema ba, hannun da ya riƙe ta nake nema." In kuwa ya ga sunan wani babban malami na da, sai ya miƙe tsaye, ya gyara hula, ya yi masa addu'a, sannan ya kai littafin hanci ya shinshina. Mu yara mu ɓuya bayan zana muna dariya.

Ta ina ake samun irin waɗannan? Daga gidajen da malami ya rasu. Shi ya sa babu ta'aziyyar malami daga nan har Mashi da Baffa ba ya zuwa, gafakarsa ta fata ɗaure a bayan keke. 'Yan gari suka sa masa suna Angulu, a bayan idonsa. Ya sani sarai, ko a jikinsa. Abin da ke cin ransa shi ne yadda ake rabon littattafai. Masu rabo su ɗauki littafi mai mujalladi uku su ba 'ya'ya uku, kowa ɗaya, wai an yi adalci. Wani ya kai nasa ƙauye ya sa a ƙasan gado, wani ya ƙetare da nasa Nijar. Baffa ya taɓa bin wani mujalladi har ƙetaren iyakar Kongolam. A dawowa masu bincike suka tsare shi, suka zazzage gafakar, don sun ga yadda ya rungume ta sun tabbata wani abu ne a ciki. Da suka ga tsohuwar takarda sai suka ƙara zarginsa, suka ce ba mai hankalin da zai sha wannan ranar saboda wannan. Ya dawo gida yana dariya har da hawaye.

Inna ba ta yi dariya ba, don tunkiyarta ya sayar ya yi guzuri. Wannan faɗan na gan shi da idona. Ta tsaya a ƙofar ɗakinsa da muciya a hannu ta ce, "Malam, matattun nan naka su za su ba mu tuwo? Ni da nake da rai ba ka taɓa miƙe mini tsaye ka gyara hula ba!" Washegari da ta kawo masa kunu sai ya miƙe tsam, ya gyara hula, ya ce, "Barka da zuwa, bugun farko." Ta dire kwanon ta fita tana ƙunshe dariya. Tunkiyar dai sai da ya biya ta da kaka.

Ni kuwa alherin da ya yi mini ba zan iya biya ba. Cikin yaran gidan duka ni kaɗai ya ba aikin shanya littattafai duk Juma'a da safe, don kada sanyi da gara su lalata su. Ina shanyawa yana karanta mini abin da masu su suka rubuta a gefe. "Ji wannan, ya ce marubucin ya yi kuskure. Ji ɗansa kuma, ya zo daga baya ya ce a'a, babansa ne ya yi kuskure." A wurinsa na koyi cewa kafin in ce wani ya yi ƙarya, in fara maimaita maganarsa yadda shi da kansa zai yarda haka ya faɗa. Har yau ban iya ba sosai, don ina da baki.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Baffa ya yi murna kamar kowa, ya je taro, ya yi kabbara. Amma a cikin murnar wasu samari masu zafin wa'azi suka taso, suka ce mantiki da falsafa ƙofar zindiƙanci ce, duk gidan da suke a fitar da su. Wasu sun zo har zaurenmu. Baffa ya shimfiɗa musu tabarma, ya ce su kawo dalilinsu ɗaya bayan ɗaya. Da suka gama ya ce, "Madalla. Wannan jera dalilin da kuka yi, shi ne mantikin." Suka tashi a fusace. Tun daga lokacin aka fara raɗe-raɗin aƙidarsa.

A shekarar ne kuma ya sauya. Ya ware akwati ɗaya, baƙi, ya ce wannan shi zai riƙa shanyawa da kansa. Wata rana na kai masa ruwan sha na tarar da shi da askar wanzami a hannu, littafi a cinya, idanunsa sun yi ja. Ya yi sauri ya rufa masa bakin riga. Na ce, "Baffa, lafiya?" Ya ce hayaƙin murhun Inna ne. Ranar kuwa ko wuta ba a hura ba tukuna a ɓangaren nan. Na bar maganar, na yi aure, shekaru suka tafi.

Bayan sadakar uku aka buɗe ɗakin. Ga Yaya, ga liman, ga dattawan unguwa, ga ɗan Alƙali ya sha mur. Ni aka kira don ni na san akwatunan, na tsaya daga bakin ƙofar cikin gida ina nuna musu. Duk littafin da aka buɗe, ga sunan mai shi a shafin farko, kuma akwai wanda ya san yadda aka saya. Hankalina ya fara kwanciya. Sai aka zo kan baƙin akwatin.

Littafin farko da aka ɗauko, babu shafin suna. An yanke shi, kuma ba yankan miƙe ba, an bi shi a karkace, shiga da fita kamar haƙoran zarto. Na biyu haka. Na uku haka. Duk abin da ke cikin akwatin haka yake. Ɗan Alƙali ya riƙa ɗagawa yana ajiyewa, har ya zo kan wani mai jan bango. Ya buɗe tsakiya, ya tsaya cak. Ya ce, "Ga hannun mahaifina a gefe. Wani tsohon ɗalibinsa ya ce ya gan shi a nan, ashe bai yi ƙarya ba. To ina shafin sunan?"

Can wani maƙwabcinmu, dillalin shanu, ya ce a hankali amma kowa ya ji, "Mu dai a kara, in muka ga saniya an ƙone shaidar da ke jikinta, ba ma tambayar yadda aka same ta."

Mutumin da ba ya karɓar littafi marar suna ko a kyauta, shi ne da akwati guda an cire wa sunaye? Na tuna askar, na tuna jan idon, na tuna ƙaryar hayaƙi. Na ji tsoro, kuma na ji haushinsa, shi da ke kwance ba zai iya cewa komai ba. Yaya ya roƙi a bari sai bayan sadakar bakwai, a nemi yadda za a mayar wa kowa nasa. Kafin magariba labari ya gama unguwa, Angulu ya tabbata ɓarawo. Inna ta daina fitowa gaisuwa. Ta ce da ni, "Ke kika san takardun nan. Gaya mini gaskiya, ya ci kayan mutane?" Na ce ban sani ba, kuma wannan amsar ta fi komai yi mini ciwo.

Ranar sadakar bakwai da hantsi, wata tsohuwa ta sauka daga motar haya da sanda, da ƙunshi a hammata. Ko cikin gida ba ta shiga ba, zaure ta nufa, maza suka matsa mata. Ashe babbar 'yar Alƙali ce, wadda ta goyi mai ƙarar nan a bayanta. Mu mata muka taru a bakin ƙofa. Ta yi gaisuwa a taƙaice, sannan ta juya ga ƙaninta.

"Auta, an ce ka tsaya a kan gawar bawan Allahn nan ka ce ya ci kayan marayu?"

"Yaya, littafin Baba ne. An same shi a nan, an cire sunan."

"Rufe mini baki. Ka manta shekarar Shari'a? Ka dawo daga karatu kanka yana hayaƙi, ka kwashe littattafan Baba na irin wannan ka tara a tsakar gida, ka ce kana wanke shi daga ɓata. Ka zuba kananzir. Maganar rabon gado kake yi? Kai ka raba shi da wuta. Mu mata da muke da kaso a ciki, wa ya tambaye mu?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce yana can neman ashana ta zare guda ɗaya, wanda ta fi ganin mahaifinsu yana riƙewa, ta cusa shi cikin buhun gero. Ranar kasuwa ta kawo wa Baffa. Ya ce ba zai saya ba, ajiya zai riƙe. Ita ce ta ce ya cire sunan, don kada wata rana a hau mumbari a ce ga sunan Alƙali a littafin zindiƙai, a ɓata shi a kabarinsa. "Ya ƙi, ya ce gara in yanke masa yatsa. Na zauna a zauren nan na ce ba zan tashi ba. Da ya ga haka ya aiko aka karɓo aska. Ya yanka a karkace yana hawaye, ya miƙo mini. Ya ce, ranar da ƙaninki ya huce ki kawo, bakin zai haɗu da ɗan'uwansa, ba wani littafi a duniya da zai hau. Na sa shi ya yi mini alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba."

Ta kwance ƙunshin. Likkafaninta ne da ta tanada, a tsakiyarsa ga takarda rawaya. Liman ya ɗora ta a kan littafin mai jan bango. Kowane haƙori ya shiga gurbinsa. Ga sunan Alƙali da jan tawada.

Ba zan ɓoye ba, ni a lokacin zargin ɗan Alƙali nake yi. Na san akwai dillalai da ke yawo suna neman littattafan da ke ɗauke da sunan manyan malamai. Yayarsa ma haka ta zata, don ta tambaye shi kai tsaye, "Ƙonawa za ka yi ko sayarwa?" Ya dubi shafin. Sannan ya ce, "Yaya, jikokinsa suna tambayata yadda rubutunsa yake. Ba ni da ko layi ɗaya da zan nuna musu." Ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Ta ce, "Tafi da littafin ka karanta. Shafin yana wurina sai na ga kamun ludayinka. Amma kafin ka taɓa shi, inda ka ɗora wa mutumin nan kaya, ka je ka sauke." Bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya janye maganarsa, ya nemi gafarar mamaci. Sai dai 'yan sahu biyu ne suka ji shi. Ranar jana'iza kuwa rabin gari ne. Har yau akwai masu cewa, "To an wanke guda ɗaya, sauran na akwatin fa?" Dillalin shanun nan yana cikinsu.

Yayanmu ya hana a sa baƙin akwatin cikin rabon gado, ya ce ajiya ce har sai an ga akasin haka. Ya miƙo mini makullin. Na karɓa, amma tambayar tana raina ni ma: sauran fa?

Bayan arba'in, wata Juma'a da safe ina shanya su a tsakar gida, sai ga sallama. Dattijuwar nan ce, wadda ta tambayi Inna makulli ranar rasuwa, ta ba ni haushi. Ɗanta babban mai wa'azi ne a yanzu. Ta dudduba ta tabbata ba kowa, ta tsuguna da ƙyar, ta ciro wani tsumma daga lalitarta. Ta bi littattafan ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa, har bakin ya haɗu. Ta ɗora tafin hannunta a kan rubutun mijinta, ta daɗe a haka.

Na ce, "Gwaggo, in naɗe miki shi ki tafi da shi?"

Ta mayar da shafin cikin tsumma. Ta ce, "A'a, a bar shi nan tukuna. Nawa yaran ba su huce ba." Ta dafa kafaɗata ta miƙe. "Kwana uku ban yi barcin kirki ba da na ji za a buɗe ɗakin nan. Ba ni kaɗai ba ce kuma. Da yawa cikin masu kallon ƙofar nan ranar makoki, ba kayansa suke hange ba, tsoro suke kada ya bar wani abu da zai tona su. Yanzu wa ke riƙe da makulli?"

Na ce, "Ni ce."

Ta ce, "To ki riƙe bakinki yadda ya riƙe nasa. An kira shi Angulu a garin nan shekara da shekaru, da kalma ɗaya zai wanke kansa, bai faɗa ba."

Shi ya sa a duk abin da na rubuta ban ambaci sunan kowa ba, har nasa. Masu cewa ɓarawo ne su ci gaba, ba zan buɗe musu akwatin ba. Wanda yake da shafi mai karkataccen baki a ƙasan kwallarsa ya san gidan, kuma ya san ranar shanya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata kabarinsa, ya rufa masa asiri a can yadda ya rufa wa matattun mutane a nan. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.